Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano



Ranku ya daɗe, kowace shekara idan azumi ya kai goma, matasanmu kan fito tashe, su ba da dariya, a ba su kuɗi da hatsi. A 'yan shekarun nan 'yan sanda sun sha hana shi saboda 'yan daba, kuma ba mu ga laifinsu ba. Amma yaran kirki fa?

Ku buɗe musu Gidan Ɗan Hausa. Ɗaliban sakandare su yi tashe da wasan kwaikwayo a gaban iyaye da malamai, a karɓi kuɗin ƙofa, a bayyana abin da aka tara, a miƙa wa gidan marayu na Nasarawa.

Don Allah ku fara shiri tun kafin watan Sha'aban.

Wassalam,
Wani malamin makaranta, Kano