A Sassauta Tsirkiya, a Ceci Murya

Samarinmu na zango da suka rungumi jita suna ɗauke da wani tsoro marar tushe. Sun ɗauka cewa sautin da na'urar saiti ta nuna musu doka ce, duk wanda ya sauko ƙasa da shi bai iya ba. Sai ka ji yaro mai kakkaurar murya yana ta ƙaraji don ya kamo jitarsa, jijiyar wuya a miƙe, kafin a tashi daga biki muryar ta dushe. Mu a ganinmu jitar ce ya kamata ta sauko.

Ma'aunin da ake bi a yau, wato kaɗawa 440 a daƙiƙa ɗaya, yarjejeniya ce da aka cimma a wani taro a Landan a 1939, domin makaɗa masu yawa su haɗu a kan amo guda. Manyan makaɗan Turai da Amurka ma sun sha kauce masa. Jimi Hendrix ya saba sauke jitarsa da rabin mataki. Tony Iommi na ƙungiyar Black Sabbath, wanda inji ya datse wa kawunan yatsu biyu a wata masana'anta a Ingila yana ɗan shekara 17, ya sauke tasa da mataki ɗaya da rabi a faifansu na 1971 don yatsun su sami sauƙi. Amon mai nauyi da ya fito daga nan, makaɗa bila adadin suka kwaikwaya.

Dalilin a fili yake. Rabin mataki yana rage tsaurin tsirkiya da kusan kashi 11 cikin 100, cikakken mataki kuwa da kusan kashi 21. Yatsa ya huta, tsirkiya ta rage tsinkewa, a wuraren da sayen sabuwa ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai masu cewa sakakkiyar tsirkiya tana ƙarar banza, kuma tana saɓa wa sauran kayan kiɗa. Gaskiya ne idan an wuce kima. Maganinsa tsirkiya mai ɗan kauri, da kuma makaɗa su daidaita tun kafin a fara.

Mu Hausawa ba baƙi ba ne a wannan hikima. Mai garaya da mai molo da mai gurmi, kowa muryarsa yake saurara kafin ya ja tsirkiya. Harshenmu kuma na hawa da sauka ne. Karin sauti ke raba fari na launi da fari na rashin ruwa. Mawaƙin da ya maƙale a ƙololuwar muryarsa ba shi da sauran filin hawa, sai kalmomi su baje, yaranmu da Hausarsu ke rauni a baƙuwar ƙasa su kasa tsintar komai.

Saboda haka muna kira ga makaɗanmu: ku fara rera baitin, ku ji inda maƙogwaro ya zauna daram, sannan ku murɗa jita ta same shi a can. Daidai ruwa, daidai tsaki.