Aiki Ga Mai Ƙarfi, Haƙƙi Ga Mai Rauni

Duk wanda ya bi tarihin yaƙi da talauci a Nijeriya, tun daga Hukumar Samar da Ayyukan Yi da gwamnatin Babangida ta kafa, zuwa NAPEP ta Obasanjo a 2001, da SURE-P ta Jonathan a 2012, har ya iso kan N-Power ta Buhari a 2016, zai tarar babu shugaban da ya hau karaga face ya zo da nasa shiri, da sabon suna da sabon ofis, kuma galibi ranar da ya sauka shirin ke fara jinya. Bayan wannan ɗawainiya duka, da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahotonta a 2022, sai ga mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin ɗari na jama'a, cikin talaucin da ya haɗa ƙarancin abinci da ilimi da magani da muhalli, miliyan 86 daga cikinsu kuwa a Arewa suke.

A ganina asalin illar ita ce hukuma ta cakuɗa mutum biyu waɗanda shari'a da hankali suka rarrabe tun tuni: mai ƙarfi a jika wanda ya rasa abin yi, da mai rauni wanda ko an ba shi aikin ba zai iya ba. Na farko sana'a mai ɗorewa yake nema, na biyu ciyarwa marar yankewa, amma aka haɗa su a layi ɗaya ana miƙa wa kowa ɗan abin da ba ya isar ko ɗayansu.

Mu ɗauki N-Power. An fara da matasa dubu 200 masu takardun manyan makarantu, daga baya aka ƙara dubu 300, ana biyan kowa naira dubu 30 a wata, kuma da yawansu an tura su koyarwa a makarantun firamare waɗanda dama kukan rashin malamai suke yi. Wannan tadbiri ne mai kyau, ba mai musun haka. Sai dai kuma, bayan saurayi ya saba da alli, yara sun saba da shi, wataƙila har ya yi aure bisa dogaro da wannan ɗan albashi, a 2020 aka sallame su, ajin ya koma ba malami, malamin ya koma majalisar bakin titi, alhali abin da maslaha ta hukunta shi ne jihohi su tace nagarin cikinsu su ba su aikin dindindin.

Ba kuwa gwamnati ce za ta ɗauki kowa ba. Dattawan Kakuri ba su manta da Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna ba, wadda albarkarta ta kai ga manomin auduga na Funtuwa, da direban babbar mota, da mai tuwon bakin ƙofa, har ta rufe a 2002. Irin wannan ƙaddara kuma ta faɗa wa masana'antu da dama a Bompai da Sharaɗa da Challawa na Kano, saboda rashin wutar lantarki da atamfar fasa-ƙwauri. Muddin tela da mai walda da mai injin niƙa suna ƙarar da ribarsu wajen sayen man janareta, to, rabon kekunan ɗinki a gaban 'yan jarida ba zai fitar da kowa daga fatara ba.

Mas'alar mai rauni ta fi ban tausayi. An ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya ga wani tsoho Bayahude yana bara, sai ya ga ba adalci ba ne a karɓi harajinsa yana da ƙarfi a yasar da shi da ya tsufa, ya sa aka yanka masa abin masarufi daga baitulmali. Mu kuwa, da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, alkawarin da aka yi shi ne naira dubu 25 a wata ga gidaje miliyan 15, har tsawon wata uku, kamar yunwar marayu tana da wa'adi. Sannan aka gindaya sharaɗin lambar NIN da asusun banki. Na yarda akwai hujja, domin zargin almundahana ne ya sa aka dakatar da shirye-shiryen tallafin baki ɗaya a Janairun 2024. Amma tsohuwar da ke can ƙauye, ba waya, ba kuɗin mota zuwa hedkwatar ƙaramar hukuma, ita ce sharaɗin ya fara korewa, ita ce kuma aka yi shirin dominta. Wajibin hukuma ne ta taka ta same ta, da rakiyar mai unguwa da limami waɗanda suka san gidan da ba a ɗora tukunya.

Haka nan makafi da guragu da kurame, waɗanda ake kora daga titi da sunan hana bara, alhali dokar da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta keɓe musu kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati. Ma'aikata nawa ce ta cika wannan?

Ina kira ga majalisun jihohinmu su sanya ciyar da tsofaffi da marayu da naƙasassu cikin kasafin kuɗi na kowace shekara, bisa dokar da sauyin gwamna ba zai shafe ta ba, su kuma wajabta wa hukumomin zakka, irin na Kano da Sakkwato, su riƙa bayyana wa jama'a abin da suka tara da inda suka kai shi, domin attajiri ya sami natsuwar miƙa musu haƙƙin Allah da ke cikin dukiyarsa.