Kan Sarki Ba Ɗan Dara Ba Ne

Wata ranar Laraba bayan sallar lisha, ina zaune a teburin mai shayi daura da Ƙofar 'Yandaka, sai wani saurayi da bai fi shekara 17 ba ya zabura daga benci, ya ɗaga wayarsa sama ya ce, "Wallahi na kashe sarkinsu!" Abokansa suka yi caa a kansa, kowa na leƙe yana yi masa barka. Wani dattijo da ke gefe ya ajiye kofinsa, ya yi salati, ya ce, "Samari, sarkin ina aka kashe?" Da aka ce masa, "Baba, ai wasa ne," sai ya girgiza kai, bai sake cewa uffan ba. Yaran suka ƙunshe dariya, suna ganin ƙauyanci ne. Ni kuwa har gobe ina ganin a duk zaman nan shi kaɗai ya ji nauyin maganar da aka faɗa.

Wasannin dabarun yaƙi da mulki da ake bugawa ta intanet sun daɗe da shiga aljihun matasanmu, kuma masu kare su kashi biyu ne. Akwai masu cewa wasa ne kawai, a bar yara su sha iska. Akwai kuma masu ilimin zamani da ke bugun ƙirji cewa wasannin nan makarantar shugabanci ce, wai suna koya wa yaro tsari da hangen nesa da sanin yadda ake riƙe ƙasa. Da waɗannan na biyu nake jayayya. Idan makaranta ce, to babban darasinta a kan mutuwar shugaba da rauninsa ƙarya ne, kuma ƙaryar irin wadda muke biyan kuɗinta da jini ce a ƙasar nan.

Bari mu fara da yadda abin yake. A wasan Lords Mobile, wanda ake bugawa a wayar hannu, kana iya kama jagoran rundunar abokin gabarka, ka jefa shi kurkuku, daga baya ka zartar masa da hukuncin kisa. Mai shi sai ya jira wani lokaci, ko ya nemi wani ɗan itace na cikin wasan, jagoran ya tashi garau kamar wanda ya farka daga barcin rana. A wasu daga cikin jerin wasannin Total War, manyan jagorori ba sa mutuwa sam. In an kayar da su sai a ce sun ji rauni, a ɗauke su na 'yan zagaye kaɗan, su komo bakin aiki. Wanda ya fi su zurfi shi ne Crusader Kings III, na kamfanin Paradox da ke ƙasar Suwidin, wanda ya fito a 2020. Taswirarsa ta haɗo har da ƙasar Hausa, kuma mai wasa yana iya ɗaukar Daurama ta Daura ya fara mulki daga shekarar 867. A nan kana ƙulla makircin kisa, ka sayi fadawan abokin hamayyarka, na'ura kuma ta rubuta maka kashi nawa cikin ɗari ne damar nasararka.

Adalci ya sa in faɗi cewa wannan na ƙarshe ya taɓo gaskiya. In sarki ya mutu a cikinsa, ƙasa takan rabu tsakanin 'ya'yansa, hakimai su haɗa kai su yi wa magaji tawaye, rauni kuma yakan ruɓe ya kai mutum kushewa. To amma ko a nan, kisa ciniki ne mai farashi a rubuce. Ka san abin da za ka biya kafin ka danna, in kuma ciniki ya faɗi, sai ka tashi sabon wasa. Wannan ita ce ƙarya ta farko.

Wanda ya tashi a Katsina bai kamata a sayar masa da ita ba. Labarin kaka da kakanni ya ce Korau ya kayar da Sanau a kokawa ya yanka shi, mulki ya bar hannun Durɓawa. Ƙarnuka sun shuɗe, amma har yau fadar Sarki Gidan Korau ce, takobin Gajere kuma yana cikin kayan sarauta. Yanka guda ya sauya gidan mulkin gari. Mu gangaro kusa. Ranar 15 ga Janairun 1966 wasu hafsoshin soja suka kashe Sardauna Ahmadu Bello da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da wasu manya, suna ganin in an sare kawuna kaɗan ƙasa za ta gyaru. Me ya biyo baya? Juyin mulkin ramuwa a watan Yuli, kisan Janar Ironsi, kashe-kashe a birane, sannan yaƙin basasa na wata 30, daga 1967 zuwa 1970. Wace na'ura ce ta nuna musu wannan lissafi kafin su ɗana kunama? Wanda ya cinna wa dawa wuta ba shi ke zaɓar inda za ta tsaya ba.

Ƙarya ta biyu ta shafi rauni. A wasa rauni agogo ne: an ɗauke jagora, lamba tana raguwa a gefen allo, kujerarsa tana nan ba mai taɓa ta, ranar da lambar ta ƙare ya dawo. A duniyar mutane kuwa, kwanciyar shugaba takan fi mutuwarsa rikitarwa, domin mutuwa tana buɗe ƙofar gado, jinya kuwa tana barin ta a sakaye, ba a buɗe ba, ba a rufe ba. An rawaito cewa a Katsinar dauri, kafin Musulunci ya kafu, akwai mai sarautar Karya-giwa, wanda aikinsa shi ne ƙarasa sarkin da ciwo ya ci ƙarfinsa. Al'ada ce ta rashin imani, Allah ya raba mu da ita, amma tana nuna irin tsoron da mutanen da suke yi wa gadon mulkin da mai shi yana raye alhali ba ya iya zama a kai.

Mu ma mun ɗanɗani wannan tsoro. Ranar 23 ga Nuwamban 2009 ɗan garin nan, Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, Allah ya jiƙansa, ya tafi jinya Saudiyya ba tare da an miƙa wa Majalisar Tarayya takardar riƙon ƙwarya ba. Kwana 78 ƙasa tana lilo, ana jayayya a kan wa zai sa hannu, wa zai ba da umarni, har ranar 9 ga Fabrairun 2010 majalisa ta fake da larura ta ɗora Goodluck Jonathan a matsayin muƙaddashi. Shugaban ya rasu ranar 5 ga Mayu, aka rufe shi a maƙabartar Ɗanmarna. Sai da aka gyara sashe na 145 na tsarin mulki, aka yanka wa'adin kwana 21, kafin a toshe wannan ɓaraka. Bawan Allah yana fama da ransa, na kusa suna fama da juna, talaka yana jiran tsammanin warabbuka. Ina agogon da ke ƙirga wannan a wayar yaron nan?

Ƙarya ta uku ta fi su haɗari, ita ce cewa in ka sare kai, yaƙi ya ƙare. Tarihinmu ya ƙaryata wannan tun ba yau ba. A 1807 masu jihadi suka ci Katsina, Sarki Magajin Haladu ya gamu da ajalinsa a Ɗankama. Da wasa ne, da an rubuta nasara an naɗe tabarma. Amma sai Ɗan Kasawa ya tattara sauran jama'a, aka kafa Maraɗi, aka shafe kusan ƙarni guda ana kai wa juna hari, kuma har yau akwai Sarkin Katsina a Maraɗi. A 1903 Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, amma mabiyansa suka ci gaba da nausawa gabas tare da ɗansa, garin Mai Wurno na ƙasar Sudan shi ne shaida.

Wannan ƙofa da muke shan shayi a gindinta ma malama ce. Ta nan Lugga ya shigo Katsina a 1903, bai kashe sarki ba. Kafin shekara huɗu ta cika an tuɓe sarakuna biyu, Abubakar da Yero, an naɗa Durɓi Muhammadu Dikko a 1906, wanda ya yi mulki har 1944. Baturen ya gane abin da wasannin nan ba su koyarwa: mulki yana cikin haraji da shari'a da ikon naɗi da tuɓewa. Wanda ya riƙe waɗannan ya riƙe gari, ko da rawani yana kan wani.

Kada mai karatu ya ɗauka tsohon zance nake tonowa. Dubi dajin da ke yamma da mu. An kashe Buharin Daji a 2018, aka yi ta murna, sai ga Dogo Giɗe ya gaje fagen. Auwalun Daudawa, wanda ya jagoranci sace ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 a Disamban 2020, an kashe shi a 2021. Halilu Sububu ya faɗi a 2024. Kowane lokaci sai wayoyi su ɗauki sowa irin ta yaron teburin mai shayi, sannan yaran mamacin su rabu gida uku ko huɗu, kowanne da sansaninsa da harajin da zai ɗora wa manoma. Ba cewa nake a ƙyale azzalumi ba. Wanda ya zubar da jinin bayin Allah ya cancanci hukunci. Cewa nake al'ummar da ke auna nasara da ƙirga kawuna ta ɗauki tunanin ɗan wasa, ta manta da hanyar shigowar makamai da kasuwar shanun sata da rashin adalcin da ke haifar da sabon kai duk lokacin da aka sare tsoho. A ɗaya gefen kuma, da aka kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hannun 'yan bindiga a watan Agustan 2024, ba kujera ɗaya ce ta zama wofi ba. Kowane talaka ya tambayi kansa: in mai rawani bai tsira ba, ni wa ya aike ni?

Za a ce mini ai mu ma muna da irin wannan a gargajiya: a dara ana cin ɗa, a langa kuma in an kayar da ruwa an ci gida. Gaskiya ne. Sai dai 'ya'yan dara ba su da suna ko iyali, ba wanda ya taɓa cewa suna koyar da sarauta. A langa kuwa da jikinka kake shiga, ƙafa ɗaya a hannu, in ka faɗi gwiwarka ce za ta goge, wanda ya ture ka kuma da shi za ka koma unguwa. Za a kuma ce ba wata hujja cewa wasa yana mayar da yaro makashi. Na yarda, ban kuma yi wannan da'awa ba. Damuwata ba hannun yaron ba ce, ma'auninsa ne. Gobe shi ne kansila, shi ne hafsan soja, shi ne mai jefa ƙuri'a, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka ba na cikin masu kiran a ƙwace wayoyi. Hani ga yaro talla ne. Abin da nake nema biyu ne. Malaman tarihi da iyaye su zauna kusa da mai wasan, in ya ce ya kashe sarki su tambaye shi: wa ya gaje shi, wa ya yi gudun hijira, wa ya noma gonakin bana? Sannan matasanmu masu karatun kwamfuta, a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da sauran makarantu, su daina jiran mutanen Suwidin su zana musu Daura. Su gina wasan da ke da masu zaɓen sarki da malamai da fatake da manoma, wanda in ka kashe sarki kasuwa za ta watse, ayari ya sauya hanya, jikokinka su gaji gabar da ka shuka.

Dattijon nan ya biya kuɗin shayinsa, ya bi ta cikin ƙofa ya shige gari. Tambayarsa ce ya bari a kan benci, kuma har na tashi ban ji wanda ya amsa ta ba.