A Duba Direba Tun Daga Tasha

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi kira ga hukuma da 'yan'uwana manoma.

A ranin bara na loda tumatir kwando 40 a Kwanar Gafan, za a kai Legas. A gabana direban ya kora ƙwaya biyu da shayi, wai don kada barci ya ɗauke shi. Na gani na yi shiru, don ni ma so nake kaya su isa kafin su ruɓe. Ba su kai Zariya ba motar ta kife. Kayana sun tafi, yaron motar kuwa har yau da sanda yake tafiya.

Mu nan Kano, tun da aka dawo da shari'a a 2000 giya ta ɓuya, Hisba na farfasa kwalabe. Amma maye bai tafi ba, ya koma ga taramol da sholisho da maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana a 2018.

'Yan Rod Sefti suna da na'urar da direba ke hurawa a gane ko ya sha giya. A Faransa ma, tun 2015 motar safa ba ta tashi sai direba ya hura irinta da aka liƙa a motar. Madalla, in an kawo mana muna so. To amma giya kawai take ji, ba ta jin ƙwaya.

Don haka ina roƙon NDLEA da KAROTA da ƙungiyar direbobi su haɗa kai, a riƙa duba direba a tasha kafin ya tashi, ba sai an kwashi gawa ba. A kori masu tallar ƙwaya daga tashoshi. Wanda aka kama a buge a karɓe lasin ɗinsa, kada a karɓi na goro. Na'urar taƙaita gudu da aka wajabta wa motocin haya a 2017 a tabbatar tana aiki.

Mu kuma masu kaya mu daina matsa wa direba ya kwana yana tuƙi. Mu yarda a ƙara ɗan kuɗin kwando, a sa direba biyu. Da na buɗe baki ran nan, da watakila yaron nan yana kan ƙafarsa.

Allah Ya kiyaye hanya, amin.

Naka,
Wani manomi, Madobi, Jihar Kano.