Sarar maciji a Faskari ba ta shiga mujallar kowa

Jiya a wani zaurenmu na WhatsApp wani ya turo shafin Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero a Google Scholar, inda ake ƙirga rubuce-rubucen masani da yawan waɗanda suka kafa hujja da su. Nan take gardama ta ɓarke. Wasu na ta jinjina, wani kuma ya ce, "To mu me wannan lissafin ya tsinana mana?" Na yi shiru a can, bari in faɗi nawa a nan.

Mai wannan tambayar bai yi wa bawan Allah adalci ba. A 2010 aka buga sakamakon gwajin da aka yi wa mutum 400 da kububuwa ta sara a asibitin Kaltungo ta jihar Gombe. Habib na cikin waɗanda suka yi aikin, tare da David Warrell na Oxford, wanda ya taɓa aiki a Zariya, da wasu likitocinmu. Allura iri biyu aka gwada, EchiTAb-G da ake yi a Birtaniya da EchiTAb-Plus da ake yi a Kosta Rika, kuma da dafin macizan Najeriya aka haɗa su. Irin waɗannan takardun ne suka taru har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sarar maciji cikin cututtukan da aka yi sakaci da su a 2017. Don haka ambaton nan ba ado ba ne, jama'a.

Amma abin da ke ci mini rai daban ne. Bara da damina maciji ya sari ɗan ƙanen mahaifina a gonar masara a yankin Faskari, da yamma liƙis. Ba wanda ya yarda ya hau babur da dare a wannan hanyar. Aka ɗaure ƙafa, aka ba shi jiƙo, aka kwana. Da safe da aka kai shi asibiti babu allurar, sai da muka yi karo-karo aka sayo daga nesa. Allah ya yi da sauran kwana, amma har yau yana ɗingishi. Da ya rasu a daren nan, wallahi ba littafin da sunansa zai shiga. A yi jana'iza, a yi addu'ar uku, shi ke nan.

Ni ma'aikacin gwamnati ne, na san yadda ake zaman kasafin kuɗi. Abin da ba shi da adadi a takarda ba ya samun layi. Kaltungo tana da adadi domin an zauna an ƙirga. Mu fa?

Abin takaici, an taɓa ƙirga mu. A shekarun 1970 akwai babban aikin binciken cututtuka a Malumfashi, maƙwabciyar Ƙanƙara, haɗin gwiwar ABU Zariya da makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool, har da binciken gamsheƙa. A lokacin masu bincike na shiga ƙauye gida-gida. Yau wa zai tura ɗalibinsa dajin Sabuwa da takardar tambayoyi, bayan an kwashe yara sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020? A 2021 ma layin waya aka rufe mana gaba ɗaya. 'Yan bindiga sun hana mu noma, sun kuma ɓatar da mu daga lissafi.

Roƙona ga ma'aikatar lafiya ta jiharmu da masananmu na Kano da Zariya da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa: ba sai kun shigo da kanku ba. Akwai ma'aikatan lafiya na ƙauye da ungozoma da limaman da ke sallar gawa, ba inda suka tafi. A ba su rajista da ɗan alawus, su riƙa rubuta wa aka sara, yaushe, a ina, ya rayu ko ya rasu. In an buga, a sa sunayensu cikin marubutan.

Wanda ya san an sari wani a Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa daminar bana, ya rubuta mini sunan garin da watan kawai a ƙasa, ban da sunan mutum. Zan tattara in kai ofis ranar Litinin, in sha Allah.