Kifi mai jan kunne: ba karfasa ba ce, Alhaji

A wannan makon wani mai karatu daga Zangon Kumasi ne ya turo min hoton ɗansa da ke karatu a Texas ta Amurka, yana riƙe da wani kifi mai faɗi. Tambayarsa gajera ce: "Malam, ashe can ma akwai karfasa?"

Alhaji, kama da wane ba wane ba ce. Wannan kifin ɗan asalin kudu maso gabashin Amurka ne, sunansa redear sunfish, wato mai jan kunne. Dubi gefen kansa, wurin murfin da yake numfashi: akwai baƙin tabo, bakinsa zagaye da ja. Na namiji ja ne sosai, na mace ya fi kama da ruwan lemo. Ɗan uwansa bluegill, wanda sukan zauna tafki ɗaya, tabon nasa baƙi ne gaba ɗaya. Yawanci tsawonsa bai wuce santimita 20 zuwa 25 ba, amma a 2021 an kama wani a tafkin Havasu na jihar Arizona da ya haura kilo 2.8.

Abin mamakinsa yana cikin maƙogwaro. Allah ya yi masa haƙora masu faɗi a can ciki, da su yake murƙushe dodon koɗi, ya furzar da ɓawon, ya haɗiye naman. Shi ya sa masu tafkunan kiwo a Amurka ke zuba shi da gangan, don ya rage dodon koɗin da ke ɗauke da tsutsar da ke shiga jikin kifi.

Wanda ya san abincinsa ya san inda zai same shi. A ƙasan ruwa yake kiwo, kusa da kututture da ciyawa. Don haka mai fatsa ya nemi ƙaramar ƙugiya, ya soka tana, ya ɗaura 'yar dalma har ta taɓa ƙasa, sannan ya bar ta ta kwanta. Kifin ba ya son a riƙa jan abinci a gabansa, kuma ba kasafai yake kula abincin roba ba. Cizonsa a hankali ne, mai gaggawa sai ya koma gida hannu rabbana. Ya fi kamuwa daga ƙarshen bazararsu zuwa farkon zafi, lokacin da yake fitowa bakin ruwa ya share gurbin ƙwai, gurbi kusa da gurbi.

Yanzu ga nawa jan kunnen. Alhaji, ka tambayi yaron ko yana da lasisi. A Texas duk wanda ya kai shekara 17 sai ya sayi lasisin kamun kifi, in ban da cikin wuraren shaƙatawa na gwamnatin jihar. Can ba kamar bakin kogin garinmu ba ne. Ɗalibin da ke zaune da biza bai kamata ya jawo wa kansa tara saboda kifi ɗaya ba.

Na biyu kuma namu ne a nan. Dodon koɗin ruwa da wancan kifi ke ci ya tuna min da na kududdufanmu da madatsun ruwa, wanda ke rainon tsutsar tsargiya. Yaro ya shiga wanka, tsutsar ta huda fata, bayan wani lokaci a ga jini a ƙarshen fitsari. Kada a ce alamar balaga ce, cuta ce, kuma tana da magani: praziquantel. Uwargida, in kin ga haka a wandon yaro, a kai shi asibiti.

Kifin kuwa, a gaya wa yaron ya soya shi da yaji, namansa fari ne mai daɗi. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.