Firi a Hawan Kibo Ba Tsimin Mai Ba Ne

Tun da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ta tsallake 1,000, kowane direba a tashar Bauchi Road ta Jos ya zama malamin tsimin mai. Fatawar da ta fi karɓuwa ita ce, in ka baro Jos ai Allah ya ba ka gangara kyauta, sai ka zare giya ka saki mota a firi. Wasu har makulli suke murɗewa su kashe injin ɗungurungum. Wannan fatawa ɓata ce, ko a aljihun ma ba ta da riba.

Tana da asali, ban musa ba. Zamanin Fijo 504 da ake harhaɗawa a Kaduna, kafireta ke ba injin mai, ita kuwa ba ta da wayo: muddin injin na zuƙar iska, mai zai bi. A wannan motar firi kan iya rage wani abu. To, wa ke lodin Abuja da 504 yau? Sharon ne da Siyena da Homa, masu injekta. A irinsu, da ka ɗage ƙafa daga totur mota na cikin giya tana gangarawa, kwamfutar motar kan yanke mai gaba ɗaya, tunda tayoyi ke juya injin. Da ka sa firi kuwa ka raba injin da taya, dole ya koma silo yana shan mai don kada ya mutu. Mai giya bai ƙona komai ba, mai firi ya ƙona.

Za a ce ai firi ya fi tura mota nesa. Haka ne, a gangara mai sauƙi, miƙaƙƙiya. Amma Jos na bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma hanyar Akwanga a Hawan Kibo take sauke kaso mai yawa na wannan tsayi, kwana bayan kwana. A nan wa ke neman ƙarin gudu? Duk gudun da firi ya ba ka, da birki za ka kashe shi. Birki ya yi ta ɗaukar zafi har ya daina kamawa, wani lokaci man birkin ya tafasa, ka taka ƙafa ta nutse. Wanda ya kashe injin ya fi shiga uku: taka biyu ko uku birki ya sandare, sitiyari ya yi tauri, ga mota maƙil da mutane. Garin neman gira a rasa ido. In abin ya auku sai mu ce birki ne ya tsinke, tsautsayi ne, ba mai tambayar a wace giya motar take.

Abin da ya fi ba ni haushi, direban da ke lallaɓa ɗigon mai a gangara shi ne zai take mota 130 tsakanin Akwanga da Keffi. A can man yake tafiya. Daga gudun kilomita 100 zuwa 120 kaɗai, turjiyar iska na ƙaruwa da kashi 44 cikin ɗari, balle an jibga buhunan dankali da kabeji a bisa, but a buɗe an ɗaure da igiya. Taya kuwa sai ta kusa kwantawa ake tuna mai faci, alhali ƙarancin iska ma cin mai ne.

Makanikanmu ma da nasu laifin. Mota na shigowa daga Kwatano sai su cire mata tamostat, wai na ƙasar sanyi ne. A Jos fa, garin da Disamba ke sa mutum rawar ɗari! Injin da bai kai zafinsa ba, kwamfuta ƙara masa mai take yi, tun daga Bukur har Riyom yana sha ba gaira ba dalili.

Ƙungiyar direbobi ta san 'ya'yanta masu firi ɗaya bayan ɗaya, tana kuma da ikon hana su lodi. Kafin ta motsa, fasinjan gidan gaba ya zuba ido. In ya ji ƙarar injin ta ɗauke bayan an wuce Riyom, kada kunya ta hana shi cewa, "Malam direba, don Allah mayar da ita giya."